Shin maganin ciwon gaɓɓai zai tsayar da mantuwar Hajiya?

Wani malamin makaranta daga Maradi ya rubuto yana cewa: "Likita, mahaifiyata ta haura shekara 70. Shekara biyu ke nan mantuwa na damun ta. Sai ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu. Na ji an ce wasu masana a Kanada sun gano cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kawo wannan ciwo, kuma masu shan maganin ciwon gaɓɓai ba su cika kamuwa da shi ba. Gaskiya ne? In haka ne, in fara saya mata ibuprofen ko diclofenac tana sha kullum?"

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka saya mata. Labarin da ka ji yana da tushe, masanan sanannu ne, kuma aikinsu ya sauya yadda likitoci ke kallon ciwon mantuwar tsufa da ake kira Alzheimer. Sai dai an gwada irin waɗannan magunguna a kan dubban tsofaffi ba su tsayar da mantuwa ba, kuma ga mace mai shekarun Hajiya, a zafin Maradi, suna iya lalata mata ƙoda ko su sa cikinta zubar da jini. Duk da haka akwai abin da binciken zai amfane ka da shi a gida, shi ya sa zan ɗan ja bayanin.

Mutanen da ka ji labarinsu mata da miji ne, Patrick McGeer da Edith McGeer, waɗanda suka yi aiki a jami'ar da ke birnin Vancouver a yammacin Kanada. Kafin aikinsu, abin da ake koya wa ɗaliban likitanci shi ne ƙwaƙwalwa a killace take, garkuwar jiki ba ta da wani aiki a cikinta sai idan ƙwayar cuta ta kutsa. Mu ƴan wannan yanki mun san irin wannan kutse farin sani, don mun san sanƙarau. Lokacin zafi da ƙura yaro zai tashi lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya sanƙare, in ba a garzaya da shi asibiti ba kwana ɗaya ko biyu ya isa a rasa shi. Wannan kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ne, da gudu yake zuwa, kuma akwai ƙwayar cutar da allura ke kashewa. Abin da ke faruwa a kan tsoho mai mantuwa dabam yake. Ba zazzaɓi, ba sanƙarewar wuya, ƙwaƙwalwar ma ba girma take yi ba, motsewa take yi a hankali. Saboda haka aka daɗe ba a haɗa ciwon da garkuwar jiki ba.

Tun 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ciwon ya ci sunansa, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan hankalinta ya gushe. Ya ga dunƙule-dunƙulen wani abu a tsakanin ƙwayoyin jijiya, wanda yau muke kira amiloyid, ya kuma ga wasu zarurruka a cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ya lura cewa ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin su ma sun sauya kama, amma hankalin waɗanda suka biyo bayansa ya tafi kan dunƙulen. A 1919 wani masani ɗan Sifen, Pío del Río Hortega, ya bayyana wani jinsi na waɗannan ƙananan ƙwayoyi, aka sa musu suna mikrogiliya. Su ne garkuwar da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwa dindindin. Aikinsu share matattun ƙwayoyi da tarkace da kai ɗauki inda aka samu rauni.

Abin da su McGeer suka yi ba shi da wuyar fahimta. Sun samu ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da ciwon, suka yanka ta siriri-siriri, suka zuba wani rini da ba ya kama komai sai alamar da ƙwayar garkuwa ke fitarwa a jikinta idan an tsokane ta, sannan suka sa a ƙarƙashin madubin likita. A ƙwaƙwalwa mai lafiya, mikrogiliya sirara ce, mai dogayen rassa, kowace tana wurinta nesa da ƴar'uwarta. A ta mai ciwon sai suka gan su sun janye rassan, sun yi ƙiba, rinin ya kama su sosai, sun taru cunkus a kan kowane dunƙulen amiloyid. Sun wallafa wannan a 1987. A 1988 suka nuna irin haka a ciwon Parkinson, ciwon nan mai sa karkarwar hannu da sanƙarewar jiki da tafiyar jan ƙafa, a daidai ɗan baƙin wurin da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki. Ke nan ciwo biyu mabambanta, amma a kowanne garkuwar ƙwaƙwalwa a tashe take shekara da shekaru ba tare da wata ƙwayar cuta ba.

Daga nan suka yi tunanin da kai ma ka yi. In dai garkuwa na da hannu, to masu amosanin gaɓɓai, waɗanda suka shekara suna shan maganin kumburi, ya kamata a ce ciwon bai cika kama su ba. Suka bi bayanan asibitoci, a 1990 suka rubuta wa mujallar likitoci ta Lancet cewa haka abin yake. Wasu ma suka duba suka ga haka. Mafi shahara shi ne binciken birnin Rotterdam na ƙasar Holan da ya fito a 2001, inda aka bi kusan mutum 7,000, aka ga waɗanda suka sha irin waɗannan magunguna na shekara biyu ko fiye haɗarin kamuwarsu ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Da a nan labarin ya tsaya, da ni da kaina zan ce ka je farmasi.

To amma ganin cewa masu shan magani ba su cika kamuwa ba, bai tabbatar da cewa maganin ne ya kare su ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗebo mutane a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wacce ya samu ba, sannan a jira. An yi haka ba sau ɗaya ba. A 2003 aka fitar da sakamakon gwajin naproxen da rofecoxib, magungunan kumburi dangin ibuprofen, a kan waɗanda ciwon ya riga ya kama: bai rage gudun ciwon ba. Aka ce wataƙila an makara, bari a gwada kan masu lafiya. A Amurka aka tara tsofaffi sama da 2,500 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda ke da mai ciwon a danginsu, aka ba su naproxen ko wani ɗan'uwansa, celecoxib. A watan Disamba na 2004 aka dakatar da ba da maganin saboda fargabar illa ga zuciya, kuma da aka ci gaba da bin su ba a ga kariya ba. An gwada asfirin a kan tsofaffi sama da 19,000 a Ostareliya da Amurka, bai hana mantuwa ba, zubar jini kuwa ya ƙaru. Ko a Kanada ɗin, an sake gwada naproxen a birnin Montreal, sakamakon 2019 ya nuna illa ba tare da amfani ba.

Me ya sa? Dalilai sun haɗu. Ciwon yana fara ginuwa a ƙwaƙwalwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga mantuwar farko, don haka lokacin da iyali suka lura, ɓarna ta yi nisa. Sannan wanda ciwon ya fara taɓawa a ɓoye yakan daina kai kukan gwiwa asibiti, ya daina sayen magani a kai a kai, sai lissafi ya nuna kamar masu shan magani ne suka tsira. Amma dalilin da na fi ba nauyi shi ne na uku. Ibuprofen da danginsa hanya ɗaya tak suke toshewa, wadda jiki ke bi ya haifar da zogi da zafi a gwiwa. Mikrogiliya kuwa ba ɓarna kaɗai take yi ba. Taruwar da su McGeer suka gani a kan dunƙulen, wani ɓangarenta ƙoƙarin kare jijiyoyi ne.

Wannan ya fito fili a farkon 2013, lokacin da ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Landan ƙarƙashin Rita Guerreiro da John Hardy, ɗaya a ƙasar Aislan, suka wallafa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2 da ke ninka haɗarin kamuwa kusan sau uku. A cikin ƙwaƙwalwa, mikrogiliya ce ke aiki da wannan ƙwayar gado, da ita take gane tarkace ta kewaye shi. Sauyin kuma raunana ta yake yi. Ka ga ke nan, mutumin da mikrogiliyarsa ta yi rauni shi ya fi shiga haɗari. Wannan bincike ya wanke su McGeer daga masu cewa tashin garkuwa sakamakon ciwon ne kawai, domin abin da mutum ya gada tun yana ciki ba zai zama sakamakon ciwon tsufa ba. Amma ya kuma nuna cewa danne garkuwar gaba ɗaya ba shi ne mafita ba.

Ta ina ɓarnar ke shigowa? A nan aikin wata masaniya Ba'amurkiya, Beth Stevens, ya ba da haske. Tun tana aiki da Ben Barres a Jami'ar Stanford, a 2007, suka nuna cewa ƙwaƙwalwa mai tasowa tana ƙulla mahaɗa tsakanin jijiyoyi fiye da yadda take bukata, sai a sa wa raunanan alama da wani sinadarin garkuwa a cire su. Daga baya ta nuna cewa mikrogiliya ce ke cinye waɗanda aka sa wa alamar. Kamar yadda manomi ke yi ne idan gero ya fito cunkus a rami ɗaya, ya cire wasu ya bar uku don su samu ƙarfi. A ƙuruciya wannan aiki alheri ne. A 2016 ƙungiyarta ta nuna a jikin ɓeraye cewa a farkon ciwon Alzheimer wannan aikin cira yana sake tashi ba a lokacinsa ba, ya koma kan mahaɗan da ake bukata. Mahaɗan nan kuwa su ke riƙe da abin da mutum ya sani. Wurin da ke ajiye sabon abu shi ne kan fara lalacewa, shi ya sa Hajiya ke manta tuwon da ta ci ɗazu amma sunan ƙanenta na shekaru aru-aru yana bakinta.

Yanzu kamfanonin magani na neman yadda za a gyara wa mikrogiliya hanya maimakon a kashe mata ƙarfi. Ba a kai ga nasara ba tukuna: wani maganin da aka yi don ƙarfafa TREM2 ya faɗi gwaji a ƙarshen 2024. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗan yi tasiri shi ne lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023. Yana manne wa amiloyid ne don garkuwar ƙwaƙwalwa ta share shi. Ya rage gudun ciwon da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga waɗanda ke matakin farko kaɗai. Ta jijiya ake sa shi duk mako biyu, ana bin mutum da hoton ƙwaƙwalwa saboda yana iya kawo kumburi ko ɗigar jini a cikinta, kuma farashinsa dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wato wajen miliyan 15 na sefa. Na kawo shi ne don kada wani ya zo maka da kwalba ya ce ga sabon maganin mantuwa daga waje.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan. Yawancin binciken gado a kan Turawa aka yi shi, sauyin TREM2 ɗin nan ma ba a cika samun sa a jinin ƴan Afirka ba. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, ya nuna Yarabawan ba su kai ƴan Amurkan kamuwa ba, abin da ke nuna cewa abinci da lafiyar jijiyoyin jini da yanayin zama suna da nauyi ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da ciwon gushewar hankali a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. Muna da tsangayar kiwon lafiya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maradi. Ina fatan cikin ɗalibanta a samu masu ɗaukar wannan fanni, su ƙidaya tsofaffinmu, su duba me sanƙarau da zazzaɓin sauro da hawan jinin da ba a kula da shi ba ke bari a ƙwaƙwalwa idan an tsufa.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. A Southampton ta Ingila, Clive Holmes da Hugh Perry sun bi masu ciwon Alzheimer 300 na wata shida, suka wallafa a 2009 cewa waɗanda suka gamu da wani ciwo a jiki, irin su ciwon huhu ko na mafitsara ko rauni, hankalinsu ya ja baya da ninki biyu na saurin sauran. Bayanin shi ne mikrogiliyar mai ciwon a tsokane take tun da fari, saƙon kumburi na isowa daga jini sai ta wuce gona da iri. A asibiti muna ganin wannan ido da ido. Tsohuwa da ke mantuwa amma tana alwala da kanta, tana gane jikokinta, sai a wayi gari ta ƙi cin abinci, tana barci da rana, da dare tana tattara kayanta a ɗaure wai za ta tafi gida, tana ganin mutanen da ba su nan. Iyali su ce gigin tsufa ne ya ƙaru, ko su ce iska ce. A taɓa goshinta ba zafi, domin tsoho yakan yi ciwo mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba. A duba fitsari sai a tarar da ciwon mafitsara, ko a gwada jini a samu zazzaɓin sauro, ko kuma ƙishirwa ce kawai ta watan Afrilu, ta manta ba ta sha ruwa ba. A yi magani, cikin ƴan kwanaki ta dawo kusa da yadda take. In an yi jinkiri kuwa, sau da yawa ba ta dawowa daidai. Don haka riƙe wannan: ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Duk ranar da Hajiya ta rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, wani ciwo ne ya shigo, a kai ta asibiti a ranar. Addu'a da tofi ba su hana wannan.

Haka nan a riƙa duba bakinta, don ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai ciwo kumburi ne da ke zaune a jiki kullum. A duba ƙafafunta ko akwai gyambo, musamman in tana da ciwon suga. Ta kwana cikin gidan sauro. A miƙa mata ruwa a hannu sau da yawa a yini, kada a jira ta nema.

Game da diclofenac da ibuprofen, na san a kan tiren masu tallan magani ake sayen su ƙwaya-ƙwaya, an ɗauke su kamar ba komai ba. Ga tsoho ba haka ba ne. Suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, in ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa ƙoda na iya tsayawa. Suna cin bangon ciki, kuma mai mantuwa ba lallai ta iya faɗa maka cikinta na ciwo ba, sai dai ka ga bayan gidanta ya yi baƙi ko jininta ya ƙare. Suna kuma ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin maganinsa. In gwiwa na damun ta, parasitamol ya fi sauƙin illa, shi ma a ƙa'idar da likita ya faɗa. Kuma kada a yi sakaci da ciwon jikin, don zogin da ba ta iya bayyanawa yana fitowa a matsayin faɗa da rashin barci.

Wani abu kuma, daga wasiƙarka ban ga inda likita ya duba ta ba. Ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba. A yankinmu, inda hawan jini ke zama a jiki shekaru ba a sani ba, toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa babban dalili ne, kuma sau da yawa yana haɗuwa da Alzheimer a kai ɗaya. Akwai kuma abubuwan da ke kama da ciwon amma ana magance su: raunin ƙullutun maƙogwaro (wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo), ƙarancin bitamin B12, baƙin ciki mai zurfi bayan rasuwar miji ko ɗa, taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwar da aka manta da ita, da wasu magungunan barci da na mura. Ka kai ta babban asibiti, a auna hawan jini da suga, a yi gwajin jini, in likita ya ga dacewa a ɗauki hoton kai. In ya tabbata Alzheimer ne, akwai magani irin su donepezil da ke ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, amma ba ya tsayar da ciwon. A duba idonta da kunnenta ma. Tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani, ko ba ta ji sosai, ruɗewarta ninkuwa take yi, kuma aikin yanar ido ana yin sa a ƙasar nan.

Idan ta ce ba ta ci ba, kada a yi musu da ita ko a ce ƙarya take. A wurinta gaskiya ta faɗa. A ba ta ɗan abu kaɗan, ko a ce ga shi nan ana ɗumamawa, a ja ta da hira. In ta kira ka da sunan ƙanenta ka amsa. Ka kuma yi wa mutanen gida da maƙwabta bayani tun yanzu cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, domin tsohuwar da ke fita da dare ko take sambatu, bakin mutane ba ya barin ta.

Kai ma da ƴan'uwanka akwai naku rabon. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon gushewar hankali yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, kuma da yawansu a tsakiyar rayuwa ake gyara su: hawan jini, suga, ƙiba, taba, rashin motsa jiki, raunin ji, da buguwar kai, wanda ya sa nake yi wa duk mai hawa babur ko kabu-kabu maganar hular kwano. Samun ciwon a jikin mahaifiya ba ya nufin lallai ƴaƴa za su yi shi. In ka haura 40, ka auna jininka a ranar da ka kai ta.

Ranar zuwa asibitin, ka tafi da wanda ya fi kowa zama da ita, mai yiwuwa matarka ko ƙanwarka, don ita ta san yaushe abin ya fara da yadda dare ke kasancewa. Ku zuba duk abin da Hajiya ke sha a leda ɗaya, na farmasi da na tire da na gargajiya, ku ɗora wa likita a kan tebur. Allah ya ƙara mata sauƙi.